Ƙwallon uku-uku ta Wilson, bayan shekara ɗaya da rabi a kan simintin Tudun Wada

Kwana biyu kafin ƙaramar sallar 2024 ɗan yayata ya sauka Zariya daga Accra, ta mota, bayan ya ratso Lome da Kwatano da Legas. Bai gama gaida mutanen gida ba na tare shi a zaure na ce ina saƙona. Ya zuge jaka ya zaro wata aba a lotse kamar ƙwaryar da aka taka, ruwan ɗorawa da shuɗi, ya miƙo mini yana dariya.

"Kawu, ga ta. Sai da na sace mata iska kafin ta shiga jaka. Kuma kuɗin da ka turo bai kai ba, ni na cika. Ina bin ka bashi."

A ranar na biya shi, don kada maganar ta kai kunnen mahaifiyarsa. Idan aka haɗa da cikon, abin da na kashe ya kusa kuɗin buhun shinkafa a lokacin, kuma uwargidana ta tuna mini da wannan lissafi fiye da sau ɗaya.

Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare. Da yamma kuma ina horar da yaran unguwa ƙwallon kwando a wani fili da ke bayan makarantar firamare a Tudun Wada. Fili na ce, amma gaskiyarsa rabin fili ne. Kwando ɗaya gare mu. Ɗayan, wata iskar farkon damina ta karya sandarsa daga gindi shekarun baya, har yau ba a tashe ta ba. Ba wai Zariya baƙuwa ba ce a wannan wasa. A filin ABU da ke Samaru Koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da yara, kuma cikin waɗanda suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda yake shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. Sai dai daga Tudun Wada zuwa Samaru kuɗin mota ne, zuwa da dawowa, kuma yarana ba su da shi. Don haka uku-uku muke yi a kwandonmu guda, muna ganin kamar maneji ne kafin Allah Ya kawo cikakken fili.

Ni ma haka nake gani, domin da biyar-biyar na tashi. A watan Oktoban 2003 ina ɗalibi na tara kuɗi na je Abuja kallon Gasar Wasannin Afirka, wadda kowa ke kira COJA a lokacin. Matan Najeriya suka ɗauki zinare a ƙwallon kwando, a ɓangaren maza Angola ta ɗauka, namu suka tashi da tagulla. A Maputo a 2011 mazanmu suka ci zinare. A Brazzaville a 2015 Angola ta sake karɓa a maza, Mali ta ɗauka a mata. Duk waɗannan biyar-biyar ne, a cikin ɗaki, a kan katako, da benci cike da 'yan canji. Daga Rabat a 2019 sai labari ya sauya: ƙwallon kwandon da aka buga a gasar uku-uku ce kawai. Matan Najeriya suka ci zinare, a maza kuma Madagaska ta ci, ƙasar da a biyar-biyar ba a saba jin ta a sahun gaba ba. Na ji labarin a rediyo, na taɓe baki, na ce an mai da gasar nahiya wasan layi.

Sai ga gasar Accra, wadda aka sa wa suna ta 2023 amma aka yi ta daga 8 zuwa 23 ga Maris 2024. A nan ma uku-uku aka buga. Ta faɗo cikin azumi. Ɗan yayar tawa a unguwar Nima ta Accra yake zaune, ya san halina, sai ya riƙa zuwa kallo yana ɗauko mini guntayen bidiyo da wayarsa yana turowa ta WhatsApp. Bayan tarawihi nake buɗewa. Wata yamma na tara yaran a gindin kwando na nuna musu ɗaya. Suka yi shiru suna kallo, can sai wani ɗan shekara 14, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Koci, ai wannan irin namu ne."

Irin namu ne kuwa. Kwando ɗaya, rabin fili mai faɗin mita 15 da tsawon mita 11, mutum uku a kowane ɓangare da ɗan canji guda. Minti 10 ake yi, ko kuma wanda ya riga kai maki 21 ya ci. Jifa daga cikin baka, wato lanƙwasasshen layin da ya kewaye kwando, maki ɗaya, daga wajenta maki biyu. Daƙiƙa 12 kacal ake ba ka ka yi jifa, rabin abin da ake bayarwa a biyar-biyar. Idan aka ci ku ba a fitar da ƙwallo waje, a ƙarƙashin kwandon za ku ɗauke ta ku fita da ita bayan baka ku juyo, babu mai jiran ka ka huta. Koci ma ba a yarda ya tsaya bakin fili yana ba da umarni ba, wanda ni dai ban ji daɗinsa ba, don ihu rabin aikina ne. Kuma wasan ya shiga Olamfik tun gasar Tokyo da aka yi a 2021. Wato abin da muke yi don rashi, shi ne ake rataya wa mutum lambar zinare a kansa. Duk kayan da na gani a bidiyon muna da irinsu ko da a tsufe ne, ban da abu ɗaya: ƙwallon da ke hannunsu. Daren nan na tura kuɗin.

To, ga abin da na samu.

Ƙwallon da FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta ware wa uku-uku daban take da kowace ƙwallo, kuma kamfanin Wilson ke yin ta, shi ne kuma yake yi wa NBA tata tun 2021. Girmanta na lamba 6 ne, wato irin wadda mata ke bugawa a biyar-biyar, kewayenta wajen santimita 72. Amma nauyinta na lamba 7 ne, irin ta maza, wajen giram 600. Ƙaramin jiki, babban nauyi. A rubuce bambancin kamar ba komai ba ne, santimita biyu zuwa uku. A hannu kuwa nan take za ka ji shi. Ranar farko da na ba ta iska na ɗaga ta da hannu ɗaya, abin da ban taɓa iya yi da lamba 7 ba duk tsawon shekaruna a fili. Na buga ta ƙasa ta dawo tafin hannuna da ƙarfi, da wata ƙara mai kauri, dum, ba irin ƙarar ƙwallon roba mai kama da ta bokiti ba.

Jikinta fatar haɗi ce, ba roba ba, ba kuma fatar dabba ba. Bayan manyan layukan da kowace ƙwallon kwando ke da su, an ƙara mata wasu ƙananan tsagogi a kowane ɓangare, kamar an ja yatsa a kan tuwo. Da farko na ɗauka ado ne. Amfaninsu sai a wasa ya bayyana. Mai jifa yana son yatsunsa su sami layi kafin ya saki ƙwallo, kuma a biyar-biyar yana da ɗan sararin juya ta a hannu ya nemo layin. A daƙiƙa 12 babu wannan sararin. Da wannan ƙwallon, duk yadda aka miƙo maka ita, yatsunka za su faɗa kan tsaga. Akwai wani dogon yaro a cikin nawa da yake da ɗabi'ar juya ƙwallo sau biyu kafin jifa, na yi faɗa har na gaji. Cikin mako uku da sabuwar ƙwallon ya daina da kansa, ban ce masa komai ba.

Makon farko dai an sha kunya. Yaran sun saba da lamba 7 ta roba, da suka ga wannan ƙarama sai hannunsu ya ɗauka mara nauyi ce, suka rage ƙarfi. Jifa bayan jifa tana faɗuwa kafin zobe. Wasu ko allo ba ta taɓawa. Na bar su suka yi ta yi wa juna dariya, sannan na mai da kowa kusa da kwando muka fara daga tushe, ana ja da baya taki ɗaya duk bayan cin biyar a jere. Sai da muka kwashe kusan wata guda kafin masu jifa daga bayan baka, mita 6.75 daga kwando, su dawo daidai. Duk wanda zai saya wa yara ya sa wannan watan a lissafi, kada ya ce ƙwallon ce ba ta da kyau.

Inda ta fi burge ni shi ne lokacin hunturu. Filinmu a buɗe yake ta gabas, kuma daga Disamba zuwa Janairu iska takan kaɗa da yamma har ka ga ƙwallon roba ta karkace a sama kamar leda. Wannan kuwa, saboda jikinta ƙarami ne nauyin kuma yana nan, tana tafiya inda aka aike ta. Ba na cewa iska ba ta taɓa ta ko kaɗan, amma doguwar jifa ta daina zama caca. Ƙura ita ce matsalar, kuma ba ƙwallon da ta tsira daga ƙurar Zariya. Bayan minti ashirin jikinta yakan yi fari ya fara santsi. Maganinsa tsumma mai ɗan laima a gefen fili. Aka goge ta sau ɗaya, riƙon yana dawowa kamar sabuwa, abin da ba ka samu a tsohuwar roba ko da ka wanke ta da sabulu. Da bazara kuma, lokacin da gumi ke zuba daga gwiwar hannu, tsagogin nan su ke ceton mutum.

Akwai wani amfani da ban yi tunaninsa ba sai da ya zo. A uku-uku ƙwallo ɗaya maza da mata ke bugawa. Ina da 'yan mata bakwai da ke zuwa ranar Asabar da safe, da hijabansu da dogayen wandunansu, iyayensu sun yarda ne bisa sharaɗin ƙanwata tana wurin. A da sai na nemo musu lamba 6 daban, kuma kullum tasu ce mafi lalacewa, don ita ce ba a sauyawa. Yanzu wadda maza suka buga ranar Juma'a ita suke bugawa, kuma ita ce irin wadda matan Najeriya ke riƙewa idan sun fita gasar uku-uku. Nauyin ya wahalar da ƙananan cikinsu da farko, wuyan hannunsu ya yi ciwo. Babbarsu, wadda ke aji biyar, ta ce mini, "Malam, bar mana ita haka, kada ka canza." Tun da D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya, suka kai zagayen kwata fainal a Olamfik na Paris a 2024 ba a iya yi wa yaran nan gardama.

Kuskure ɗaya na yi da ita, kuma laifina ne. Famfona na hannu ya lalace, ina sauri, sai na tsaya wurin mai faci a bakin titi na ba shi allura na ce ya ɗan ƙara mata iska. Injin da ake ba tayar mota iska da shi ne. Kafin in ce ya isa ta yi tauri kamar dutse. Ranar ta riƙa tashi har kafaɗa, ta gurɗe wa yaro ɗaya yatsa. Allah Ya taimake ni ba ta fashe ba, na rage iskar da dare ta koma daidai. Adadin iskar da take so a rubuce yake kusa da bakin bawul, 7 zuwa 9, ni ne ban karanta ba. Wanda ba shi da ma'auni ya yi gwajin da aka koya mana tun muna yara: ɗaga ta zuwa saman kanka ka sake ta, idan ta dawo wajen ƙugu ta yi. Kuma a jiƙa allura kafin a soka, ko da yawu ne. Bawul ɗin da ya mutu daga busasshiyar allura yake farawa.

Yanzu maganar jabu, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Bayan wata huɗu na ga ƙwallo ɗaya ba ta ishi yara ashirin ba. Na shiga Kaduna wani aiki, na leƙa wani shagon kayan wasanni, sai ga ta a rataye cikin raga, launi iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, kuɗinta kashi ɗaya cikin uku na abin da na biya. Na tambayi mai shagon ko ta gaske ce.

"Haba Malam, kwantena ɗaya suke zuwa. Su can suna ɗora riba ne kawai."

Na san araha ba ta ado, amma na saya. Da na dawo gida na ajiye su gefe da gefe, ko daga nesa ka ga bambanci: ruwan ɗorawar sabuwar ya yi haske da yawa, yana ƙyalli. Na kai su wurin mai nama na unguwarmu ya ɗora mini a sikeli. Ta Accra ta tsaya wajen giram 600, ta Kaduna da ƙyar ta haura 500. Wato lamba 6 ce kawai aka yi wa fenti, abin da ya sa ake sayen ƙwallon ma babu shi a jikinta. Tsagoginta zane ne a sama, yatsa ba ya shiga. Mako shida ta yi ta fitar da ƙulu a gefe ɗaya kamar goshin da ya yi karo da ƙofa, idan aka buga ta ƙasa sai ta nufi inda ta ga dama. Na mayar, mai shagon ya ce yara ne suka zauna a kanta. Ban tsaya jayayya ba. Yanzu 'yan firamare ke buga ƙwallon ƙafa da ita.

Don haka idan za ka saya, tafi da hankalinka. Sa a ba ta iska a gabanka. Auna ta idan da hali, ko ka riƙe ta a hannu ɗaya da lamba 7 a ɗaya hannun, nauyinsu ya kamata ya zo kusan ɗaya. Tura yatsa cikin tsagogin ka ji ko da zurfi. Jujjuya ta a kan yatsa ko ka mirgina ta a ƙasa mai laushi, wadda ba ta daidaita ba za ta yi ɗingishi. Ka kuma sani cewa kamfanin da kansa yana yin wata ta roba mai launi iri ɗaya, mai sauƙin kuɗi, don wasan waje. Wannan ba jabu ba ce, amma ba ita ce ta gasa ba, sai ka tambaya wacce ake miƙo maka kafin ka ƙirga kuɗi.

Yaya take yanzu, bayan damina biyu da hunturu ɗaya? Ruwan ɗorawar ya koma launin ƙasa-ƙasa, rubutun ya fara dushewa, kaushin jikinta ya ɗan lafa a wuraren da suka fi cin ƙasa. Simintinmu ne, wanda aka zuba shi da tsakuwa a sama kamar magogi, takalmi ma wata uku yake yi a kansa. Amma ba ta yi ƙulu ba, ba ta ɓare ba, kuma sau ɗaya a mako biyu nake ƙara mata iska. A wannan tsawon lokaci ƙwallayen roba uku na jefar. Sai dai in faɗi gaskiya, ina lallaɓa ta. Ba da ita ake atisayen buga ƙasa ba, wannan aikin robobi ne. Tana fitowa ne lokacin jifa da lokacin wasa, kwana uku a mako. Ba ta kwana a fili, ba ta zama a rana, ba a zama a kanta, kuma wanda ya sa mata ƙafa ya zagaya fili sau biyar. Da an sake ta kullum a hannun yara ashirin a kan wannan siminti, ba na jin za ta kai haka.

Ba kowa zan ce ya saya ba. Idan yaranka biyar-biyar suke shiri, kamar gasar makarantu ko neman shiga ƙungiya irin Kano Pillars, kuɗinka ya fi amfani a lamba 7 mai kyau, domin yaron da hannunsa ya saba da ƙarama yakan sha wuya ranar da aka miƙa masa babba. Idan yara ne 'yan ƙasa da shekara 10, ta yi musu nauyi, za su koyi tura ƙwallo daga ƙirji maimakon jifa, gyaran wannan kuma sai an sha fama. Idan kuma ƙwallo ɗaya tak kuɗinka zai iya saya wa unguwa gaba ɗaya, sayi robobi uku, kowa ya samu ya taɓa. Amma wanda yake da kwando ɗaya da yara matasa masu son su gwada kansu, kuma ya riga ya mallaki na atisaye, wannan ita ce ta gaba. An ba Masar gasar Afirka ta 2027, kuma ba na yi wa kowa alkawarin cewa ɗan Tudun Wada zai je. Abin da nake so shi ne idan aka kira gwaji a Kaduna ko Abuja aka wurgo wa yarona ƙwallo, kada ya zama ranar ce ya fara jin nauyinta.

Na sake tura wa ɗan yayata kuɗi, wannan karon da ƙari a kai don kada a sake bi na bashi. Na ce ya koma shagon da ya sayi ta farko, ya sa a auna ta a gabansa, ya haɗo mini da allurai biyar da famfo mai ma'auni. Ya turo saƙon murya yana cewa, "Kawu, wannan karon sai ka biya kuɗin dako." Na ce ya zo tukuna.